Ƙyallen Hannun Bashar da Babur ɗin Idris

Tudun Wada, Gusau,
9 ga Nuwamba, 1998.

Zuwa ga Yaya Attahiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya kai da iyali, ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan. Inna tana nan kalau, ta tafi Bungudu ganin yankan dawa, Hussaina kuma ta yaye ɗanta. Ni ce dai raina a ɓace, kuma ƙanenmu Idris ne sila.

Ka san ɗanka Bashar ya shekara yana fita gudu bayan sallar asuba, don a sa shi cikin masu wakiltar jiha. Ranar Asabar aka yi tseren zaɓe daga Bungudu zuwa Gusau, ukun farko ake so. Malaminsa na wasanni, Malam Ashiru, ya lissafa masa lokacin da ya kamata ya kai kowane turken kilomita. Ni da hannuna na rubuta a ɗan ƙyalle, na rufe da leda saboda gumi, na ɗinke masa a wuyan hannu kusa da agogo. Amfaninsa shi ne in ya duba ya ga ya riga lokaci, ya sassauta ko da kowa ya wuce shi, don ya adana ƙarfin ƙarasawa.

Yaro yana bin ƙyallensa tiryan-tiryan, sai ga Idris a babur, ya goyo mai kalangu. Wai ya hango ɗan 'yar'uwarsa a baya, abin ya yi masa ciwo. Ya jera da shi yana ta ihu cewa jikan Sarkin Noma ba ya bin bayan kowa, me yake ta leƙe a hannu kamar mai jiran mota. Bashar ya ce mini ya duba, ya san lokacin sauri bai yi ba, amma yaya zai yi, kawunsa na kiran sunan kakansa a gaban jama'a? Ya saki ƙafa ya wuce kowa. Kafin a shigo gari ƙafafun suka ƙi, ya zauna a bakin kwalbati yana amai, waɗanda ya wuce suka zo suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Sauri ya haifi nawa. A kan babur ɗin nan aka kawo mini shi.

Da na tare Idris, ko kunya babu, ya ce ai yaron ne bai sha fura sosai ba. Mutumin da ko akuyar gidansa ta kwance sai ya nemi a kamo masa! Na gaya masa kirari ba ya gudu, kuma kakan da yake kira bai taɓa nome gona da garaje ba.

Malam Ashiru ya roƙa, an yarda Bashar ya shiga gwajin da za a sake a hanyar Tsafe ƙarshen wata, daga shi babu wani gwajin. Idris ya rantse wannan karon makaɗa biyu zai kawo. Ni ba ya jin maganata, kai yake shakka. Don Allah, Yaya, ka aiko masa ya same ka Fatakwal a makon gwajin, ko buhunan shagonka ne ka sa shi ya ƙirga. Na ɗinka sabon ƙyalle. Fulogin babur ɗin Idris kuwa na cire na ɓoye a kwallata, shi kuma yana ta zagin yaran unguwa wai su suka sace. Na san zai sayi wani, shi ya sa na rubuto maka.

Ka gaishe mini da Anti Wasila, da Zainabu, da Adamu sarkin rigima. Bashar na gaishe ka, kunya ta hana shi rubutu. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Saude Abdullahi.