Almakashin da aka miƙa wa Lastri

Zuwa ga Yayana Warsito,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki a gonar kwakwar nan ta Sabah. Mu nan Tegal sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa a kan gishirin miya.

Maganar ƴarka Lastri ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san an ɗauke ta a makaranta ne don ta saurari damuwar yara ta ba su shawara, amma shugabansu ya mayar da ita ƴar sanda, har askin masu tara suma ranar Litinin ita ya ɗora wa. Wane yaro ne zai kai kukansa wurin mai almakashi? Duk da haka akwai wani Jatmiko, ɗan masunta, da ta daɗe tana lallaɓawa har ya buɗe mata cikinsa. Ya ce mahaifiyarsa na kwance, ya yi bakance ba zai taɓa gashinsa ba sai ta tashi, ya kuma roƙe ta kada kowa ya ji.

Da Litinin ta zo aka fito da shi gaban layi. Lastri ta roƙi shugaba a gefe ya ƙyale yaron, ba ta faɗi dalili ba saboda amana, ya ce doka ba ta da ɗan gida. Aka miƙa mata almakashi. Ta ga in ta ƙi, malamin wasanni zai yi wa yaron tal-kwabo, sai ta ɗan yanke kaɗan a bayan kunne. Yaron bai yi kuka ba, ya dai dube ta ya ce, "Malama, ke kaɗai fa na gaya wa."

Yaya, kafin makon ya ƙare uwar ta rasu. Mun san kwana ne ya ƙare, amma wa zai gaya wa yaro haka? Ya bar makaranta ya bi jirgin kamun kifi. Zuciyata ta karye, don Lastri ba ta cin abinci, tana cewa za ta ajiye aikin. In ka kira ta kada ka yi mata faɗa. Kullum da yamma tana zuwa bakin teku, gashin nan yana ƙulle a hankicinta, wai ko ya dawo ta mayar masa.

Inna da Darmi suna gaishe ka. Ka gaida Kawu Sukirno.

Ƙanwarka,
Tarsini