Hoton Ranar Sunan Hafiza

Laraba, 14 Maris 2001
Na fita takaba. Hilary, abokin Baban Hafiza a ƙungiyar manoma, ya zo aron hotonsa, wai za su buga saboda duniya ta san wanda aka harbe a rikicin gonakin hanyar Doma. Na ce shi ke nan gare ni fa, na ranar sunan Hafiza. Ya ce, "Madam, sati ɗaya kawai." Na ba shi.

Asabar, 2 Yuni 2001
Na ga hoton manne a bayan wani acaɓa a Akurba, duk taɓo. Hannu sama a dunƙule, baki buɗe, an rubuta sunansa, MUHYIDDIN. Innalillahi! Igiyar ragon suna ce fa a hannun nan, ragon ya fizge yana ta ihu a tare masa. Sun goge igiyar, sun yanke ragon, sun yanke ni. Na tsaya a titi ina dariya, sai ga hawaye.

Lahadi, 9 Nuwamba 2003
Hoton dai ya ɓata a wurin masu bugawa, in ji Hilary. Maimakonsa ya kawo min wata mujallar Turai, ga wasu fararen yara sanye da riga mai hotonsa suna zanga-zanga. "Mijinki ya zama na duniya." To, duniya ta san yana tsoron allura? Ta san sai da jikinsa ya yi rawa kafin ya fita ranar da aka harbe shi? Ni na ɗaure masa maɓalli.

Litinin, 20 Fabrairu 2006
Na rufe ido in tuna murmushinsa. Bakin nan buɗaɗɗe kawai ke zuwa. Na tsorata wallahi.

Juma'a, 11 Yuli 2008
Hafiza ta dawo daga makaranta da kumburin leɓe. Wata ta ce ubanta ɗan tada fitina ne, shi ya sa aka kashe shi. Ta ciro ƙaramar sitika mai hoton daga jaka, ban san inda ta samo ba. "Mama, me Baba yake faɗa a nan?"
Na daɗe ina jiran ranar da zan ba ta labarin ragon. Na dubi leɓenta. Na ce, "Cewa yake ba mai taɓa mana ƙasa."
Ta yi murmushi. Irin nasa ne sak, sai yanzu na tuna.

Asabar, 12 Yuli 2008
Na saya mata riga mai hoton a kasuwa. Biyu na saya, wai ko ɗaya za ta yage. Ɗayar ta yi mata yawa ƙwarai.