Agogonku da Kunyar Innata

Zuwa ga Babban Likita, shugaban asibitin kuɗin da na kai mahaifiyata, Abuja.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina taya ku murnar sabuwar na'urarku mai auna saurin tunani. Ashe ilimi ya kai inda na'ura za ta san uwata fiye da ni. Madalla!

Ni mai sayar da kayan gyaran mota ne a Apo. Na ɗauko Inna daga ƙauyenmu, Paikon Kore, saboda tana fama da hawan jini, ta kuma fara jinkirin ba da amsa. An ce saurin fahimta yana nuna lafiyar ƙwaƙwalwa, ban musa ba. Ga dai abin da idona ya gani.

Na farko, Inna tana cikin gaida ma'aikacinku, tana tambayarsa gajiya da mutanen gida, ashe oga tuni ya danna agogo. Gaisuwar ma cikin nauyin kai aka lissafa ta.

Na biyu, ya nuna ni da biro, ya ce ta faɗi sunana. Ni ne ɗanta na fari. Ranka ya daɗe, ko ba a koyar da wannan a makarantar likitanci ba, ai a gida an sani: uwa irin tamu ba ta kama sunan ɗan fari. Tun da aka haife ni "wancan" nake a bakinta. Ta sunkuyar da kai, agogo ya yi ƙara, ma'aikacin ya rubuta cewa ta manta ɗanta. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ce ɗan rakiya ba ya magana. Kai, wannan ƙwarewa da yawa take!

Tun daga ranar da muka koma gida da wannan sakamako, ƙannena suka hana ta gona da kasuwa, wai kada ta ɓata. Matar da ba ta iya zama wuri ɗaya, yanzu wuni take a tsakar gida tana kallon ƙofa.

Roƙona a sake gwajin, a bar ta ta gama gaisuwa, a yi mata tambayar da bakinta zai iya amsawa. In akwai ciwo a gaya mana, mu nemi magani. Ku hanzarta, tunda sauri ne sana'arku, domin shekaranjiya na iske ta a bayan ɗakinta ita kaɗai tana gwada faɗin sunana a hankali, don ta ci jarrabawarku a bar ta ta koma gona. Da ta gan ni sai ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Na girma ina marmarin jin sunana a bakinta, amma wallahi ba haka na so in ji shi ba.

Allah ya ƙara muku basira, ya haɗa ku da masu haƙurin jiran amsarku ranar da kuka tsufa.

Wassalam.
Ɗanta na fari, Apo.