Sharhi Mai Lamba 212

Litinin, 3 ga Maris
Malama, shugabar bincikenmu, ta raba mana aiki. Sharhi ɗari huɗu ne aka kwaso daga shafukan sada zumunta, duk a ƙarƙashin hotunan masu ƙiba. An goge sunaye, an sa lambobi. Ni da abokiyar aikina Doguwa, kowa za ta karanta ita kaɗai, ta jefa kowane sharhi cikin ɗaya daga gida uku: yabo, wasa, ko cin fuska. Ranar Juma'a mu haɗa, mu ga inda muka saɓa.

Talata, 4 ga Maris
Mutane ba su da ta ido. Na gama ɗari da hamsin, ina ta tsaki a ofis kamar wata waliyyiya.

Laraba, 5 ga Maris
Lamba 212: "A tausaya wa kujerar nan, me ta yi muku?"

Ni na rubuta shi. Shekara uku ke nan, da shafin makarantar Auta, ƙanwata, ya sa hotonta ranar da ta gama karatu. Mutum sittin suka danna alamar dariya, kuma wallahi na ji daɗi a lokacin.

Na sa shi a gidan wasa, na rufe kwamfuta.

Alhamis, 6 ga Maris
Na so in goge layin gaba ɗaya, sai na tuna Doguwa tana da nata kwafin. Ashe ba tsoron Allah ne ya hana ni ba.

Na leƙa shafin Auta. Furanni, kyanwarta, gajimare. Tun daga ranar babu fuskarta ko sau ɗaya.

Juma'a, 7 ga Maris
Mun saɓa a wuri goma sha tara. Da aka zo kan 212, Doguwa ta ce cin fuska ne tsagwaronsa. Na yi caraf na ce ai wasa ne na ya da ƙanwa.

Malama ta cire tabarau. "A ina kika ga ya da ƙanwa? Ba an goge sunaye ba?"

Na ce hasashe ne kawai. Ba ta ƙara tambaya ba, da ma ta tambaya. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. An mayar da shi gidan cin fuska, da sa hannuna.

Asabar, 8 ga Maris
Na tura wa Malama saƙo cewa ina da magana ranar Litinin. Wataƙila in faɗa.

Da hantsi Auta ta kawo mini ɗinkina. Na ce ta matso mu yi hoto tare. Ta yi dariya ta karɓe wayar.

"Tsaya ni in ɗauke ki, Yaya. Na fi iya riƙe waya."

Na tsaya ta ɗauka. Shekara uku tana faɗa mini haka, sai yau na ji.