Ragon Bakoji

Daga Abarshi a Salga, zuwa ga ƙanena Salmanu a Birnin Gwari. Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna Huraira? Talatu ta sauka lafiya?

Ni ƙalau nake. Kurkunu ne ya ɗan kwantar da ni wata biyu, har ayari ya tafi ya bar ni, amma yanzu ina takawa da sanda. Kada Inna ta ji.

Saƙonka ya same ni a kwance. Tumaki bakwai, balami zalla, waɗanda Baba ya koro tun daga Barno, na damƙa wa Bakoji makiyayi kiwo. Na ce kada wani rago ya kusance su sai namu. Ya saki guntun ragonsa ɗan ƙasa a cikinsu, yanzu ga 'ya'ya duk ruwa biyu. Ka ce sun fi jure daminar dajinmu, ko ɗaya bai mutu ba. Na ji. Ban roƙe shi wannan alherin ba. Irin tumakin Baba ya ɓata mini.

Kada ka yi masa faɗa, ka gaishe shi da fara'a. Ka sa wani ya sayo ragon nan nasa, ka turke shi a bayan gida, ka cika shi da dusa da harawa. Ranar da na sauka zan yanka shi da hannuna, in kira Bakoji cin tuwo. Sai ya suɗe akushi ya yi hamdala, sannan in shimfiɗa masa fatar.

Allah ya haɗa fuskokinmu, har da tasa.