Tsirrai Masu Cin Ƙwari da Aka Zubar Mini a Highbridge

Zuwa ga Alhaji Mamman Lawal,
Manajan gidan hayar da nake zaune a Highbridge,
kuma dattijo a ƙungiyarmu ta Hausawan Bronx.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fata kai da iyali kuna lafiya, kuma kun fita daga sanyin bana lami lafiya.

Ni ce Saude Ilyasu, mai haya a hawa na huɗu, wadda ta shekara tara a gidan nan. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita, na kira wayarka ba ka ɗauka ba. Tunda maganar da ta shafe ni a bainar jama'a aka yi ta, a nan zan amsa ta. Na roƙi sakataren ƙungiya ya sa wannan takarda a dandalinmu na waya, inda kowa zai karanta.

1. Zan fara da yadda tsirran suka zo hannuna, domin babu wanda ya tambaye ni. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Na yi shekara huɗu ina kula da wani Bature a unguwar Parkchester, tsohon malamin makaranta da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Tagoginsa cike suke da tsirrai masu cin ƙwari. Ranar da na fara ganin ɗaya ya rufe baki a kan ƙuda sai da na nemi tsari, shi kuwa ya yi ta dariya har da tari. Da hannunsa ya soma rawa, ni na koma ba su ruwa, yana daga kujera yana koya mini. Akwai mai baki, wanda ba ya rufewa sai ƙwaro ya taɓa gashin cikinsa sau biyu. Akwai mai tulu, wanda ƙwaro ke zamewa ya faɗa ciki. Akwai mai raɓa, wanda ganyensa ke ƙyalli da danƙo. Ba sa shan ruwan famfo, taki kashe su yake yi. A ƙasa marar albarka suke fitowa, shi ya sa Allah Ya sa abincinsu a cikin ƙwari. Da tsohon ya rasu, 'yarsa ta ce babu wanda ya san kansu sai ni. Na kwaso tukwane ashirin da bakwai a tasi, kowace da ɗan allon suna a rubutun hannunsa. A shekarar ce maigidana ya rasu, kai ma ka zo gaisuwa, kuma 'yata Zainab ta tafi jami'a. Daga nan idan na dawo aiki su nake tararwa a ɗaki.

2. Waɗanda na ƙara da kaina ba a ɓoye na shigo da su ba. Guda shida na yo oda daga wani lambu a Malesiya. Na cika fom, na jira izinin hukuma wata da watanni, lambun ya haɗo da takardar lafiyar tsiro, aka duba su a filin jirgi aka buga hatimi. Takardun suna nan a jakata, da ka tambaya da na nuna maka. Akwai kuma wani mai tulu cikin na tsohon da allonsa ya ɓata, tsohon kansa ya mutu bai tabbatar da sunan tsiron ba. Tulun da irinsu ke yi a ƙasa ba ya isa a gane su, sai sun yi yaɗo sun fitar da na sama. Shekara biyar ina jiransa. Ina ɗaukar hoton bakin tulun da murfinsa, ina aika wa masu irin wannan sha'awa a intanet, wannan ya ce kaza ne, wancan ya ce a'a, a jira na sama. A watan Disamba ya fitar da na farko, tsawon ɗan yatsana, bai kai ga buɗewa ba.

3. Ranar Laraba ta mako na biyu a watan Janairu na fita aiki da safe, na dawo da la'asar. Ƙofata a kulle take yadda na bar ta. Da na shiga, kantocin da tukwanen ke kai babu komai, an cire fitilun da nake haska wa tsirran an jingine su a bango, ƙasa ta zube a kan darduma har inda nake salla. Na sauko da gudu. A bakin titi, cikin ƙanƙara, na samu baƙar leda ɗaya, motar shara ta riga ta kwashe sauran. Na durƙusa ina tonawa da hannu, mutane suna wucewa zuwa tashar bas suna kallona. Tsirran ƙasashen zafi ba sa jure awa biyu a irin wannan sanyi, ganyensu ya riga ya yi baƙi ya saki. Cikin talatin da uku, huɗu na tsira da su. Wanda na yi shekara biyar ina jira ba ya cikinsu, kuma babu yadda za a yi a san sunansa yanzu.

Issaka, mai gyare-gyaren gidan, bai ɓoye mini ba. Ya ce kai ka kawo makulli, ka tsaya a bakin ƙofa, ka ce a kwashe komai. Ya ce ya nuna maka cewa akwai rubutu a jikin tukwanen, ka ce rabinsu ma matattu ne. Ba matattu ba ne, Alhaji. Waɗannan ba na ƙasashen zafi ba ne, barcin hunturu suke yi, haka suke bushewa duk shekara su farfaɗo da bazara. Ban riƙe Issaka a zuciyata ba, aike ne aka yi masa, kuma har yau idan muka haɗu a matakala sunkuyar da kai yake yi.

4. Abin da ya fi zubar da tukwanen ciwo shi ne abin da ya biyo baya. Ranar Juma'a, a ƙofar masallaci, da aka tambaye ka, ka ce: "An ga jar fitila a tagarta dare da rana, kun san abin da ake nomawa da ita. Kuma matar da ke kiwon ganye mai cin nama, ai sai a yi hattara da ita." Mutum uku suka kawo mini wannan magana, kalmominsu ba su saɓa ba. Fitilar ta tsirrai ce, ana sayar da ita a kowane kantin kayan lambu, na sa ta ne saboda tagata bangon gidan maƙwabta take kallo, rana ba ta shigowa. Naman kuwa ƙuda ne da sauro. Amma kafin Lahadi na zama mai noman wiwi a Highbridge, na zama matsafiya a unguwar Soundview. Matar da muka yi shekara da shekaru muna cin abinci kwano ɗaya ta janye jikarta daga jikina a gidan suna. Wasu 'yan uwanmu da suka riga suka amince in kula da mahaifiyarsu sun kira kamfanin da nake wa aiki sun ce a canja musu wata. Zainab ta ji labarin daga bakin ƙawayenta tana makaranta. Ta kira ni tana kuka, tana tambayata da Turanci ko gaskiya ne 'yan sanda sun zo gidanmu. Shekarata hamsin da biyu, ban taɓa zaton zan rantse wa 'yar cikina cewa ba na sayar da ƙwaya ba.

5. Bayan duk wannan, a watan jiya aka turo takarda ta ƙarƙashin ƙofata cewa ba za a sabunta mini haya ba, wai na yi amfani da ɗaki ta hanyar da ba ta dace ba. Da sa hannunka.

Na kai takardar ofishin da ke taimakon masu haya. Lauyar da ke wurin ta ce ba a shiga ɗakin mai haya ba tare da sanarwa ba sai in gobara ce ko ruwa ya fashe, kuma ina da damar kai ƙara. Na karɓi fom ɗin na ajiye. Ba tsoro ne ya hana ni cikawa ba. Kai ka yi wa mijina salla, kuma ba na son in tsaya gaban alƙali ina nuna ka da yatsa alhali muna da manya.

Saboda haka ga abin da nake nema. Na farko, ka tsaya a wurin da ka yi maganar, a rana irin wadda ka yi ta, ka gaya wa mutane cewa ba ka samu komai a ɗakina ba sai tsirrai. Na biyu, ka janye takardar tashi a rubuce. Na uku, kada a sake buɗe ƙofar wani mai haya a bayan idonsa, ni ko wanina, domin akwai mata da yawa a gidan nan da ke wuni a wurin aiki ba su da mai tsaya musu. Ban nemi ka biya ni ba. Waɗanda aka yo oda ana iya sake yowa, amma na tsohon babu kasuwar da ake sayar da su. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su zama shaida, kuma duk mai shakka ƙofata a buɗe take, ya zo ya ga huɗun da suka rage da takardunsu.

Zan jira har ƙarshen watan nan. Idan ban ji daga gare ka ba, zan miƙa fom ɗin, ba da son raina ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya shirya maka zuri'a, Ya tsare ka daga ranar da za a faɗi abin da ba ka yi ba kuma mutane su yarda. Azumi ya matso, Alhaji. Na gwada in yafe maka ni kaɗai a ɗakina, abin ya ƙi. Ka taimake ni kada in shiga watan azumi da kai a zuciyata.

Wassalam.

Saude Ilyasu,
Hawa na huɗu, Highbridge.