Sunan Dogon Tawa Ya Kuɓuce Mini

Zuwa ga ƙanena Yari, a Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta zumunci, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin lafiya, kai da Kande da yara da jikoki. Allah ya sassauta maka ciwon ƙafar da aka ce yana hana ka zuwa Juma'a. Mu nan Makka alhamdulillahi. Uwargida Rabi'atu tana nan da hawan jininta, ɗana Abdulilah ya dawo daga aikin hidimar alhazai a Arfa ya rame kamar kara, ni kuma ina nan unguwar Zahir inda suka ajiye ni tun da aka rushe harar mu, wato unguwarmu ta Jarwal. Ka san ban taɓa riƙe alƙalami ba. Jikata Nuriyya ce ke rubutu ina faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Abin da ya sa na neme ka, Yari, maganar ƙwallo ce. Kada ka yi dariya. Ka tuna Guguwa, ƙungiyarmu ta farko, da muka share fili da hannu a bayan Jarwal, kai kana tsaron gida, ni a baya, turakun golarmu bututun ruwa ne da muka tsinto? Bayan tafiyarka, shekara arba'in ke nan, ƙungiyoyi biyar ne, har da Guguwar, suka mutu a kan idona. Guguwa ta mutu ran da aka kafa otel a filinta. 'Yan Arabiya, masu tura tsofaffi a keke wajen ɗawafi, sun yi shekara tara, sai jawazat, 'yan shige da fice, suka kwashe musu mutum shida a mako ɗaya saboda rashin iƙama, takardar izinin zama. Zakunan Dutse faɗa ne ya raba su, a kan wa zai riƙe kofi a gidansa, kofin ma na gwangwani. Sai ta Baraka, da aka sa wa sunan matar nan mai shayi da ke wanke musu riguna, ita kuwa ta bi mai sunan zuwa kabari. Ta biyar ba ta ko kai Hajji biyu ba. Yanzu yara suna haya ne a wani fili mai ciyawar roba, awa ɗaya a kore su, rabinsu ko Hausa ba sa ji.

Amma abu ɗaya bai mutu ba. Kamar yadda muka fara tun kana nan, Juma'ar farko bayan alhazai sun watse, kowa ya dawo daga Arfa, kafin a taɓa ƙwallo bayan la'asar sai babba ya tsaya a tsakiyar fili ya kira sunayen waɗanda suka buga suka riga mu, kowa da sunan yankansa da na ubansa, sannan a yi musu addu'a. Tun rasuwar Abdulganiyyu, babbanmu mai kira a da, ni nake kira. Mutum arba'in da uku ne yanzu, a kaina suke. Shekara uku da suka wuce Turki, jikan Abdulganiyyun, wanda ke shirya wasan, ya roƙe ni in bar shi ya ɗauka a jawwal ɗinsa, wato wayarsa ta hannu. Na ƙi. Na ce masa ba za a sa mamatanmu a aljihu ɗaya da hotunan motoci ba, muddin ina numfashi ni ne takardarsu.

To, Juma'ar da ta wuce na tsaya, na kira shida lafiya lau. Da na zo kan na bakwai, sai shiru. Dogon Tawa, Yari, dogon nan ɗan garin Tawa. Mai gudu ta hagu, wanda ke cire takalmi in wasa ya yi zafi, wanda rana ta kayar a gindin tukunyar girkin alhazai a Arfa, muka binne shi ba dangi ko ɗaya. Ina ganin fuskarsa, ina ganin tabon da ke gwiwarsa, amma sunansa na yanka ya ƙi zuwa. Shekara nawa ina kiransa, ran nan ya ƙi. Turki ya matso da ladabi ya ce, ya ammi, wato baffa, in tsallake in ci gaba, lokacin fili yana tafiya. Na ce ba zan tsallake mutum ba. Na tsaya ina nema har yara suka fara zama a ƙasa, har mai fili ya shigo da wasu. Ba a buga ba, addu'ar ma ba a yi ba. Abdulilah ne ya kama hannuna ya kai ni mota, muka koma gida.

Jiya Turki ya zo. Bai yi rashin kunya ba, amma ya ce sun sake kama filin Juma'a ta sama, in sunayen ba su cika ba za a yi addu'a ɗaya ta gaba ɗaya, khalas, shi ke nan, daga bana a daina kira. Ban ga laifinsa ba. Na gaji, ɗan'uwana, gajiyar da barci ba ya magani. Na zaga wajen duk wanda ya rage, ba wanda ya san shi sai da Dogon Tawa. Kai kuwa ɗaki ɗaya kuka kwana shekara biyu. Don Allah ka zauna ka tuna, ka sa a aiko wa Nuriyya muryarka ta waya kafin Juma'ar. In kai ma ya kuɓuce maka, ka gaya mini gaskiya. Kada ka ƙirƙiro mini suna don ka faranta mini rai.

Ka gaishe mini da Kande, da Sufyan da iyalinsa, da Abdulwasi'u in ya zo daga ƙauye. Rabi'atu da 'yata Dalal suna gaishe ku.

Na ce wa Nuriyya in ta gama wannan kada ta tashi, ta ɗauko wata takarda. Yau zan faɗa mata arba'in da biyun ta rubuta. Layi na bakwai za ta bar shi fari, yana jiran ka.

Yayanka,
Mukhtaru, Zahir, Makka.